Ma'aikaci ya bar aiki, asusunsa bai bari ba: ƙofar da sabbin ma'aikatun Daura ya kamata su rufe tun yanzu

Cikin 'yan shekarun nan Daura ta samu manyan ma'aikatu irin waɗanda a da sai mutum ya je Katsina ko Kano zai gan su. A shekarar 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, a watan Agustan shekarar aka buɗe asibitin sojojin sama, sannan a watan Disamba marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka tsara zai ratsa ta garin. Idan ana hirar waɗannan wurare, abin da aka fi kallo shi ne gini da katanga da yawan mutanen da aka ɗauka aiki. Ni da yake sana'ata rubuta manhaja ce, hankalina yana kan wata katangar da ba a gani da ido.

Duk wata babbar ma'aikata a yau, makaranta ce ko asibiti ko banki, rabin aikinta ba a cikin gininta yake ba. Imel ɗin ma'aikata, sakamakon jarrabawar ɗalibai, takardun kwangila, jerin albashi, bayanan marasa lafiya, duk suna kan kwamfutocin wasu kamfanoni ne da ake haya ta intanet, wato abin da ake kira gajimare. Google Workspace, Microsoft 365, AWS, ko Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya. Ofishi na da maigadi da kwaɗo. Gajimare kuwa maigadinsa ɗaya ne: sunan shiga da kalmar sirri. Wanda ya riƙe su ya shiga, ko yana Daura ko yana wata duniyar, ko ma'aikaci ne ko an sallame shi tun bara.

Ra'ayina a nan shi ne, babban haɗarin da ke gaban irin waɗannan ma'aikatu ba gwanayen masu kutse ba ne da ke zaune a Rasha. Asusun da ba shi da mai shi ne. Kuma rufe wannan ƙofa ba aikin sashen ICT kaɗai ba ne, aikin ofishin magatakarda ne, ko ofishin kula da ma'aikata, domin su ne suka san wanda ya zo da wanda ya tafi.

Mutanen jihar Katsina ba sa buƙatar dogon bayani kan ma'aikatan bogi. A shekarar 2025 gwamnatin jiha ta tantance ma'aikatan ƙananan hukumomi 34 da na hukumomin ilimi na ƙananan hukumomin, aka cire sama da mutum 3,000 daga jerin albashi. Kowa ya gane matsalar nan take saboda kuɗi ne ke fita duk wata. To asusun bogi ƙanin ma'aikacin bogi ne. Bambancinsu kawai shi ne asusun ba ya karɓar albashi, don haka babu mai binciken kuɗi da zai lura da shi. Yana nan a buɗe shekara da shekaru, da ikon karanta fayil, da ikon gogewa, har ranar da wani zai tuna da shi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan sakacin ƙananan wurare ne. Kamfanin Cisco na Amurka, wanda na'urorinsa ke riƙe da babban kaso na intanet ɗin duniya, ya taɓa ɗanɗana kuɗarsa. Wani injiniyansu ya ajiye aiki a watan Afrilun 2018. Bayan wata biyar, a watan Satumba, ya shiga asusun kamfanin na AWS ya goge kwamfutocin gajimare 456 da ke ɗauke da manhajar WebEx Teams. Asusun abokan ciniki sama da 16,000 suka tsaya, wasu har tsawon mako biyu. Kamfanin ya kashe kusan dala miliyan 1.4 wajen gyara, ya kuma mayar wa abokan ciniki sama da dala miliyan 1. Kotu ta ɗaure mutumin shekara biyu a ƙarshen 2020. An hukunta shi, haka ne, amma tambayar da ta fi damuna ita ce: ta yaya mutum zai bar aiki wata biyar, makullinsa na ci gaba da buɗe ƙofa?

Haka kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a watan Mayun 2021. Masu kutse sun shiga ne ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi amma ba a kashe ba, wanda babu abin da ke tsare shi sai kalmar sirri kaɗai. Aka rufe bututun kwanaki, Amurkawa suka ga dogon layin mai irin wanda muka saba gani a nan, kamfanin kuma ya biya kuɗin fansa kusan dala miliyan 4.4.

Yanzu mu dawo gida mu ga yadda irin wannan asusu ke haihuwa a wajenmu, domin hanyarsa daban ce da ta Cisco.

Yawanci da kyakkyawar niyya ake farawa. An turo ɗan bautar ƙasa wanda ya iya kwamfuta. Shugaban sashe ya ce masa, a buɗe mana wurin da za mu riƙa ajiye takardu. Yaron ya buɗe Google Drive da Gmail ɗinsa na kansa, ya sa lambar wayarsa a matsayin lambar dawo da asusu, ya rarraba wa kowa adireshin. Shekara ta zagayo, ya karɓi takardar kammala hidima ya koma jiharsu. Takardun ma'aikatar na shekara guda suna cikin asusun mutumin da yanzu ba shi da wata alaƙa da ita. Ko kuma ɗan kwangilar da ya gina shafin intanet ɗin ma'aikata, wanda ya yi rajistar sunan shafin da imel ɗinsa. Ranar da aka samu saɓani kan ragowar kuɗinsa, ranar za a gane wane ne ainihin mai shafin.

Sai kuma wanda ya fi yawa, asusun haɗaka. Imel ɗaya na ofis, mutum takwas sun san kalmar sirrinsa, an turo ta a zauren WhatsApp na sashe, an kuma rubuta ta a jikin kalanda. An taɓa kirana wata ma'aikata, ba zan faɗi sunanta ba, don a gano wanda ya canza wasu alƙaluma a cikin wani fayil. Na buɗe tarihin fayil ɗin, ya nuna ranar da aka yi canjin da sa'ar da aka yi shi daidai. Amma sunan da ya nuna shi ne sunan asusun ofis ɗin, wanda kowa ke shiga da shi har da mai kawo saƙo. Aka yi ta rantse-rantse, aka tashi babu wanda aka kama, kuma zargi ya zauna a kan mutanen da wataƙila ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wannan ɓangaren ne ba a cika faɗa ba: asusu mai suna ba tarko ne ga ma'aikaci ba, kariya ce ga mai gaskiya.

Maganin ba sabo ba ne, kuma ba sai an kira ƙwararru daga Abuja ba. Ma'aikata ta kasance tana da ƙofar shiga ɗaya. Ma'ana, akwai rajista guda ta ma'aikata, a Google Workspace ko a Microsoft Entra ID, wanda kafin 2023 ake kira Azure Active Directory. Kowane ma'aikaci na da asusu ɗaya da sunansa a ƙarƙashin adireshin ma'aikatar. Duk sauran manhajojin, ta albashi, ta jarrabawa, ta ajiyar fayil, har da AWS, ba sa riƙe kalmar sirrin kowa. Idan mutum ya zo shiga, sai su tura shi waccan ƙofar, ita ce za ta shaida musu cewa wannan wane ne kuma har yanzu namu ne. Amfanin wannan a fili yake: ranar da mutum ya tafi, wuri ɗaya za a kashe, duk ƙofofin su rufe tare. Idan kuwa manhaja goma ce kowace da nata sunan shiga, wallahi sai an manta da uku. Ko hukumar TETFund ta gane haka, shi ya sa dandalinta na TERAS da ta buɗe wa manyan makarantu ya zo da tsarin shaida guda mai suna BIMS, wanda da shi malami ko ɗalibi ke shiga ayyukan da ke kan dandalin.

Abu na biyu, ba a ba mutum izini da sunansa, ana ba kujerar da yake kai ne. Akwai rukunin jami'an jarrabawa, akwai na ma'aikatan ofishin ma'aji, akwai na masu kula da fayil ɗin marasa lafiya. An tsara abin da kowane rukuni ke iya gani da abin da yake iya taɓawa. Idan an naɗa mutum jami'in jarrabawa sai a saka shi a rukunin, idan wa'adinsa ya ƙare a cire shi. Wannan ya fi muhimmanci a aikin gwamnati fiye da kamfani, saboda a gwamnati ba a cika barin aiki ba, sauya wuri ake yi. Mutum ya yi shekara uku a ofishin ɗaukar ɗalibai, an mayar da shi ofishin ma'aji, daga nan an kai shi sashen sayayya. A kowane wuri an ƙara masa izini, babu inda aka rage. Bayan shekara goma sai ka tarar da ma'aikaci mai matsakaicin matsayi yana riƙe da makullan da ko shugaban ma'aikatar bai riƙe ba, shi kansa bai sani ba. Wanda ya sace kalmar sirrinsa ya gaji dukkansu.

A nan ne nake ganin ake kuskuren ɗora nauyin. Yaron da ke sashen ICT bai san an yi wa wane ritaya ba, bai san an dakatar da wance ba, bai ga takardar sauyin wurin aiki ba. Takardun nan a ofishin magatakarda ake rubuta su, a can ake sa musu hannu. Sau da yawa sashen ICT a bakin masallaci yake jin labarin cewa wane ya tafi. Don haka dole rufe asusu ya shiga cikin takardar sallama, kamar yadda ake sa hannun ɗakin karatu da na ofishin ma'aji kafin a ba mutum haƙƙinsa. Wanda bai dawo da makullin mota ba ba a sallamarsa. Me zai sa a sallami wanda imel ɗinsa ke buɗe? Kuma ga wanda aka kora ko aka dakatar, a kashe asusun kafin a miƙa masa takardar, ba bayan ya koma gida da fushi ba.

Ga 'yan bautar ƙasa, da ɗaliban da ke zuwa koyon aiki, da 'yan kwangila, abin ya fi sauƙi, domin tun ranar da suka zo an san ranar tafiyarsu. A sa wa asusun ranar mutuwa tun ranar haihuwarsa. Idan an tsawaita zamansu, shugaban sashe ya rubuto a ƙara. Gara mutum ya zo ya ce asusuna ya rufe, a buɗe masa cikin minti biyar, da a bar shi a buɗe babu mai tunawa.

Kalmar sirri kaɗai kuma ta daina isa, wannan ba abin gardama ba ne. A shekarar 2024 an kwashe bayanan kamfanoni da dama da ke ajiya a gajimaren Snowflake, cikinsu har da AT&T da Ticketmaster. Kamfanin bincike na Mandiant ya ce an sanar da kusan ƙungiyoyi 165 da abin ka iya shafa. Ba Snowflake aka fasa ba. Kalmomin sirrin ma'aikata da 'yan kwangila aka sace daga kwamfutocinsu, wasu tun 2020, ba a taɓa canza su ba, kuma asusun ba su da tantancewa ta biyu. Wasu daga cikin kwamfutocin da aka sace bayanan, masu su na amfani da su wajen wasanni da sauko da manhajojin sata. Duk wanda ya san yadda ake loda wa laftof manhaja a shagunanmu, ya san wannan labarin namu ne, sunan ƙasar kawai aka canza. Tun daga watan Oktoban 2024 Microsoft ta fara tilasta tantancewa ta biyu ga masu shiga dandalin gudanar da Azure, ba ta jira ra'ayin kowa ba.

Sai dai wace irin tantancewa? Mafi yawanmu lambar da ake turowa ta saƙon waya muka sani. Ta fi babu, amma a nan tana da rauni. Layuka na ɓacewa, an rufe wasu saboda rashin haɗa su da NIN, kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya na sake sayar da shi ga wani. Ma'aikacin da ke zaune wajen Mai'aduwa ko Kongolam, kusa da iyaka, ya san yadda saƙo ke iya makalewa sai bayan lambar ta mutu. Manhajar tantancewa irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator ta fi, domin lambar mai alƙalami shida a cikin wayar ake ƙirƙirarta duk daƙiƙa 30, ba ta buƙatar sabis. Ga mutanen da ke riƙe da ikon gudanar da dukkan tsarin, waɗanda bai kamata su wuce uku ko huɗu ba, a saya musu makullin tsaro na hannu irin YubiKey. Kuma a koya wa mutane cewa idan waya ta tambaye ka kai ne ke ƙoƙarin shiga alhali ba kai ba ne, ba a danna amincewa don a huta. Ta haka aka shiga Uber a watan Satumban 2022: an yi ta aika wa wani ɗan kwangila buƙatar shiga har ya amince da ɗaya.

Akwai wata magana da ma'aikatan ICT ke yi a tsakaninsu amma ba sa iya faɗa a taro. Ramin da ya fi girma a saman tsani yake. Ana kafa doka ga kowa, sai oga ya ce shi a cire masa wannan lambar, tana ɓata masa lokaci. Ko ya ba sakatarensa kalmar sirrinsa, sakataren ya ba mataimakinsa. Ko ya ce a ba shi ikon gudanar da komai saboda shi ne shugaba, kamar izinin kwamfuta rawani ne. Alhali asusunsa ne aka fi nema, domin saƙo ɗaya daga imel ɗinsa zuwa ofishin ma'aji na iya fitar da kuɗi. Gmail da Outlook duka suna da hanyar wakilci, inda sakatare ke karanta saƙonnin oga da amsa su ta asusunsa na kansa, ba tare da sanin kalmar sirrin oga ba. Amma ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ce wa shugaba a'a ba, mun san tarbiyyarmu. Shi ya sa dole dokar ta fito a rubuce daga majalisar gudanarwa, shugaban ya zama na farko da aka kunna wa.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Idan aka matsa da yawa, aiki zai tsaya. Mutanen Daura sun fi kowa sanin labarin rijiyar da ba a ɗibar ruwanta sai ranar Juma'a. Idan ma'aikaci zai rubuta takarda ya jira mako biyu kafin a ba shi izinin buɗe fayil ɗin da aikinsa ke buƙata, ba zai jira ba. Zai roƙi abokin aikinsa ya turo masa ta WhatsApp, daga nan fayil ɗin ya shiga wayoyi goma da babu mai iko da su. Tsaron da ya hana aiki shi ke haifar da ɓarauniyar hanya. Don haka neman izini ya zama abu ne na yini guda, shugaban sashe ya amince, a buɗe. Wasu kuma za su ce ƙofa ɗaya haɗari ce, idan ta lalace kowa ya tsaya a waje. Haka ne. Shi ya sa ake ajiye asusun gaggawa guda ko biyu, a rubuta bayanan shigarsu a rufe a ambulan cikin akwatin ƙarfe, kuma tsarin ya yi ƙara duk ranar da aka taɓa su.

Maganar kuɗi ma gaskiya ce, lasisin da dala ake biya, kuma mun ga abin da ya faru da naira tun 2023. Amma makarantu ba su da wannan uzurin sosai, domin Google da Microsoft duka suna da matakin kyauta ga cibiyoyin ilimi da suka cancanta. Ga masu biya kuwa, kowane asusun bogi lasisi ne da ake biya wa wanda ba ya nan. Idan batun tsaro bai motsa ofishin ma'aji ba, wannan zai motsa shi.

Sannan doka ta riga ta iso. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Idan aka samu ɓarakar da ka iya cutar da masu bayanan, ana da sa'o'i 72 a sanar da hukumar NDPC. Tarar manyan masu riƙe da bayanai na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ma'aikatar da kowa ke shiga da asusu ɗaya, me za ta rubuta a rahoton nan na sa'o'i 72? Ba ta san wanda ya shiga ba, ba ta san abin da ya ɗauka ba. Kuma ajiye bayanan a cikin gida, ko da a cibiyar Galaxy Backbone da aka buɗe a Kano a farkon 2023 ne, ba ya sauke wannan nauyi. Mai gajimare yana tsare gininsa da injinansa ne. Wanda za a ba makulli da wanda za a karɓe wa, wannan na mai haya ne.

Abin da ya sa na ɗora maganar a kan Daura shi ne ƙuruciyar ma'aikatunta. Jami'ar da ta shekara sittin, kafin ta gyara irin wannan sai ta tono asusun mutanen da wasunsu sun rasu, ta yi faɗa da sassan da kowanne ya gina tasa daular. Wadda ba ta kai shekara goma ba, har yanzu ana iya zama a ƙirga ma'aikatanta da sunayensu, kuma waɗanda suka buɗe asusun farko yawancinsu ana iya samunsu a waya. Magatakarda ya fito da jerin waɗanda aka biya albashi a watan jiya, sashen ICT ya fito da jerin duk asusun da ke buɗe a kowace manhaja, a ajiye su gefe da gefe a teburi ɗaya. Duk sunan da ke jeri na biyu amma ba ya cikin na farko, a dakatar da shi a ranar, a ga wanda zai zo cigiya. A maimaita haka duk bayan wata uku.